Ƙundun Kaza Naki Ne, Rahila

Romi, Kaduna
Ranar Lahadi, bayan an taso daga coci

Zuwa ga ɗiyata Rahila,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu, tare da fatan kin sauka lafiya, direba bai yi gudun ganganci da ku ba, kuma kin sami ɗaki da abokan zama masu tsoron Allah. Ina roƙon Wanda ya raya ki har yau ya tsare shigarki da fitarki a kwaleji, ya raba ki da mugun ji da mugun gani, ya sa ki gama lafiya ki dawo mana lafiya. Amin.

Na san za ki yi mamakin tsintar wannan takarda a ƙarƙashin zannuwanki. Mutumin da kuke gida ɗaya, maganarku ba ta wuce "ina kwana Baba" da "lafiya lau", yau shi ne da wasiƙa shafi-shafi. Ki yi haƙuri da ni. Shekara talatin da biyu na yi ina surutu a gaban allo bakina bai taɓa nauyi ba, amma in na zo gabanki sai harshe ya ƙi. Shi ya sa na koma ga biro. Na yi rubutun manya-manya, na bar fili tsakanin layi da layi. Ki ɗora kwalin karatunki a kan layi ki bi a hankali, babu mai tsaye a kanki da bulala.

Hoton nan ne ya zaunar da ni rubutu. Jiya Mamanki ta gaya mini cewa da kina haɗa kaya kin ciro hoton ajinku na makarantar yamma, wanda kuka ɗauka ranar da kuka gama, kin tura shi ƙarƙashin katifa. Da ta tambayi dalili kika ce a kwaleji ba za ki gaya wa kowa ta can kika biyo ba, kada a ce ga wadda ta faɗi ta zo koyon malanta. Kada ki ji haushinta, ba tsegumi ta kawo ba, tana faɗa tana share hawaye. Ni ban yi kuka ba, na dai rasa inda zan sa kaina, domin na san inda kika koyi wannan kunya. A gidan nan kika koye ta, kuma ni ne malamin.

Bari in fara da ƙundu, tunda da shi na fara ɓata abin. A garinmu ƙundun kaza na maigida ne, ko yaron goye ya san ba a kai masa hannu. Ni da wayona na malamin lissafi sai na mai da shi kyautar gasa. Duk ƙarshen zango Mamanki ta yanka kaza, ku jera mini katin sakamako a kan tebur, wanda ya fi matsayi a ajinsa in ɗauki ƙundu daga kwanona in sa a nasa. Har wa'azi nake haɗawa, in ce kaza ƙundu ɗaya gare ta, na ɗaya ma ɗaya ne. Yayanki Bitrus ya ci ƙundu har ya daina murna. Ke kuwa kullum kina can ƙasa, ta talatin da takwas cikin arba'in, wani zangon ma ta arba'in cif. Ina kallonki kina cin tuwo kai a sunkuye, ina cewa a raina bari ta ji zafi, zafin ne zai tashe ta. Wata rana Mamanki ta ajiye wuƙa a gabana ta ce, "Baban Bitrus, shi ƙundun nan ba ya yankuwa ne?" Na ce mata ita ta san kasuwa, ni na san makaranta, kowa ya tsaya a rumfarsa. Ta ɗauke wuƙarta, ba ta sake tayar da maganar ba.

Zafin bai tashe ki ba. Abin da ya koya miki shi ne ki riƙa cin abinci da sauri ki bar tebur. To, ga shi ke ma malama za ki zama, wata rana kuma uwa. Ki yaba wa yaron da ya yi ƙoƙari, wannan ba laifi ba ne. Amma abin da yake haƙƙin yaro don kawai shi naki ne, fara'arki, da kiran sunansa da daɗi, da zama kusa da ke, kada ki taɓa rataye shi a kan maki. Ni na rataye, kuma shekara goma sha wani abu na yi ina cin tuwo da ɗiyar da ba ta ɗaga kai ta dube ni.

Kuskuren da ya fi ci mini rai kuwa sai malamin lissafi ne zai iya yin irinsa. Kina aji uku na ƙaramar sakandare aka ba ku aikin gida, tambaya goma. Na karɓi littafin in duba, sai na ga amsa goma duk daidai, amma babu hanya ko ɗaya, amsa ce kawai a tsaye kamar daga sama ta faɗo. A ƙa'idarmu amsa ba hanya sata ce. Na ce a tsohon littafin Bitrus kika kwafa. Kika ce a kanki kika yi. Na ba ki wata tambaya nan take, kika faɗi amsa, ta fita daidai. Maimakon in tsaya in yi tunani, sai na ce canki-canka ne, na ƙara miki laifin taurin kai a kan na sata, na ɗauko bulala. Ban manta ba, a bakin rijiya ne, kuma ba ki yi ihu ba. Ni da nake taƙama ina gane mai basira daga yadda yake riƙe biro, ga ta a cikin gidana tana ba ni amsa kafin in gama tambaya, na zane ta.

Kin sha gaya mini cewa in kin kalli shafi haruffan cakuɗewa suke yi. Na kai ki aka gwada idonki, aka ce lafiyarsa ƙalau. Daga nan na rufe shari'a, na ce tunda ido lafiya, to lalaci ne. Na sauya miki makaranta sau biyu, na ɗauko mai lesin, na kai sunanki wurin addu'a. Duk na yi, sai abu ɗaya, ban taɓa zama na ce ki nuna mini yadda kike gani ba. Da aka ce ki sake maimaita aji biyu na babbar sakandare, kika ninke rigar makaranta kika sa a akwati, na ce ai dama. Kusan shekara biyu kina rumfar Mamanki a kasuwar Kakuri kina awon masara da acca, ni kuma ina wucewa ta gabanki kamar ban san mai rumfar ba.

Abin da nake so ki riƙe a nan shi ne, in yaro ya gaya miki abin da ke damunsa, ki fara da yarda. In ƙarya yake yi, kwana kaɗan za ta fito, ba ki yi asarar komai ba. In kuwa gaskiya ce kika ƙaryata shi, ba zai sake kawo miki ba. Kuma in kin ga amsa daidai ba hanya, ki ja kujera ki ce ya faɗa miki da baki yadda ya yi.

Labarin yadda kika shiga makarantar yamma kin fi ni saninsa, amma ba ki san abin da na ce a ɗaki ba. Malama Hauwa, tsohuwar malamar firamare daga Makera, ta zo sayen acca, ta ga kina raba buhu wa mata huɗu ba takarda ba waya, ta tambayi Mamanki ajin da kika tsaya. Ta ce ita da wasu abokan aikinta suna koyar da waɗanda makaranta ta kayar, a wata firamare a unguwar Nasarawa, daga ƙarfe biyu in yaran safe sun tashi, har su kai su ga jarrabawar gama sakandare. Da Mamanki ta kawo mini zancen na yi tsalle na dire. Na ce ɗiyar Malam Ishaya ba za ta zauna da 'yan keke da masu goyo a makarantar faɗaɗɗu ba. Mamanki ta ce to ɗiyar Malam Ishaya ta zauna a gida, ita ɗiyarta za ta je. Ranar na san wuƙar nan ba ta manta da ita ba.

Na yarda in riƙa kai ki a mashin, amma kin tuna inda nake sauke ki. Wajen mai facin taya, a bakin titi, ki ƙarasa sauran da ƙafa cikin rana. Na ce miki hanyar ciki ce ba kyau. Hanyar lafiyarta lau, tsoro nake ji kada wani tsohon ɗalibina ya gan ni a ƙofar. Sai kuma ranar da Dattijo Markus ya tare mu a ƙofar coci ya tambaya me Rahila take yi yanzu. Kafin ki buɗe baki na ce ɗinki take koyo. Ya juya gare ki, kika dube ni sau ɗaya, kika ce, "E, Baba, ɗinki nake koyo." Kika rufa mini asiri da ƙaryar da na ɗora miki. To in yau kin tura hoto ƙarƙashin katifa, wa zan zarga? Laifi tudu ne, na daɗe ina taka nawa ina hango naki.

Da son raina ne da har kika gama ban taka makarantar ba. Amma Malama Hauwa tana da wata doka, ba ta rubuta sunan ɗalibi a jarrabawa sai wani nasa ya zo ya zauna a aji darasi guda, a kan benci, kamar kowa. Mamanki ta ce ita ta yi nata zuwan tun ranar da ta kai ki, wannan na mai digiri ne. Na je na ja hula har gira. Bencin na 'yan firamare ne, na zauna gwiwoyina suna neman taɓa haɓata. A gabana wata mata tana jijjiga jariri da hannun hagu tana rubutu da dama. Can gefe wani dattijo ne da ya yi aiki a masaƙa kafin a rufe ta, da tabarau ɗaure da zare.

Wani mai gemu da ke kusa da ni ya yi ta satar kallona, can ya rusuna ya ce, "Malam, ba ka gane ni ba? Sabo ne, sarkin Kakau." Kin ga, lokacin da nake koyarwa akwai bencin can baya da na raɗa wa suna Kakau, ƙauyen nan mai nisa da gari. Duk wanda ya faɗi gwaji sai in ce ya kwashe kayansa ya tafi Kakau, aji ya yi dariya, ni ma in ji daɗin kaina. Sabo ya shekara biyu a can, kullum yana gyangyaɗi, har na naɗa shi sarki. Daga baya ya daina zuwa, ban ko tambaya ba. Yanzu keke mai ƙafa uku yake tuƙawa, 'ya'yansa uku, ya ce babbar ce ta kawo masa aikin gida ya kasa, shi ya sa ya dawo. Ba da faɗa ya yi maganar ba, yana murmushi ya ce, "Malam, da ka tambaye ni sau ɗaya, da na gaya maka gidan burodi nake kwana ina aiki." Na kama hannunsa na riƙe.

Ina cikin wannan hali Malama Hauwa ta ce yau Rahila ce za ta yi mana darasi. Aka rubuta tambaya, a raba mudu sittin tsakanin mutum uku, kashi ɗaya da biyu da uku. Na zaro biro na fara jera hanyata a bayan takardar coci da ke aljihuna. Ke kuwa kika ce wa aji su ɗauka ga kwano uku a ƙasa, kowane zagaye a zuba wa na farko mudu ɗaya, na biyu mudu biyu, na uku mudu uku. Kika tambaya mudu nawa ya tafi a zagaye guda, suka ce shida. Zagaye nawa ke nan kafin sittin ya ƙare? Mai jaririn nan ta ce goma, ta kuma faɗi rabon kowa da kanta, tana dariya don ta gane. Ni ina layi na uku. Sannan kika juya ga allo kika rubuta abin da kika faɗa, a hankali, harafi bayan harafi, sai ga hanya ta fito tsaf, irin wadda zan ba maki cikakke. Shekarun da na yi ina koyar da wannan darasi ban taɓa ganin aji ya gane shi da sauri haka ba.

Bayan an tashi Malama Hauwa ta zaunar da ni ta yi mini bayani kamar ɗan aji ɗaya. Ta ce akwai yaran da karatun rubutu yake yi wa wuya alhali kansu ya fi na kowa, ba ciwon ido ba ne, ba lalaci ba ne, ba kuma aikin maƙiya ba ne. Ta nuna mini kwalin da aka yanka wa taga don ki ga layi ɗaya kawai, da yadda kike ɗaukar darasi a waya ki saurara kina awo, da yadda suke barin ki ki faɗa da baki kafin ki rubuta. Na tambaye ta, don hali ba ya barin mai shi, to ta nawa take zuwa a ajin? Ta yi dariya har ta riƙe mayafi, ta ce, "Malam Ishaya, mu nan ba ma tambayar na nawa mutum ya zo. Muna tambayar ina ya tsaya, mu tashi daga nan."

Za ki ce to me ya hana ni magana tun ranar? Girman kai, ba wani abu ba. A mashin muna dawowa na shirya jawabi tun daga Nasarawa, muka iso Romi abin da ya fito shi ne ki riƙe da kyau akwai rami. Kirsimeti ta zo, ƙundu yana kwanona, na ɗaga shi na dube ki, sai na ji kunyar idon Bitrus, na jefa a bakina, ko ɗanɗanonsa ban ji ba. Da sakamako ya fito kin ci lissafi da sauran, Turanci ya kayar da ke, kika sake zama kika ci, na ce wa kaina in na ba ki ƙundun yanzu ya zama ladan cin jarrabawa, an koma gidan jiya. Akwai gaskiya a ciki, amma rabi hujjar matsoraci ce. "Madalla" kawai na ce miki, kamar wanda aka gaya wa an kawo wuta. Kada ki gaji wannan daga wurina. In kin yi wa mutum laifi, ko ɗalibinki ne ɗan shekara bakwai, ki ba shi haƙuri a ranar, da baki, tun kalmar ba ta yi nauyi ba.

Yanzu ga maganar kwaleji. Ba na shakkar za ki iya, kuma ba daɗin bakin uba ba ne, hukuncin malamin da ya ga aikinki ne. Amma can ba kamar wurin Malama Hauwa ba ne, aji babba ne, littattafai masu kauri, babu mai bin ki yana tambaya. Saboda haka tun makon farko ki je wurin malamanki ɗaya bayan ɗaya ki gaya musu karatun rubutu yana ɗaukar ki lokaci, ki nemi izinin ɗaukar darasi a waya. Wani zai taimaka, wani zai yi miki irin kallon da na saba yi. In kin haɗu da irina kada ki karaya, kin riga kin ga yadda muke ƙarewa, a kan bencin 'yan firamare. Ki zauna a gaba. Ki fito da kwalinki a fili ki ɗora a littafi, wanda ya tambaya ki nuna masa amfaninsa. Ki nemi ƙawa mai saurin karatu ta riƙa karanta miki, ke ki riƙa warware mata lissafi, za ki ga har layi ake yi a ƙofar ɗakinki. Wani gwajin zai kayar da ke, wannan ba makawa. In ya faru ki kira gida ki faɗa, babu mai jera kati a tebur kuma. Sannu ba ta hana zuwa.

In kika ɓoye inda kika fito, duk wannan ba zai yiwu ba, domin mai ɓoyo ba ya neman taimako. Kuma ki tuna, a duk ajin da za ki koyar nan gaba akwai Sabo, akwai Rahila, suna can baya sun yi shiru. Abokan karatunki sai an koya musu yadda za su gane su. Ke da kallo ɗaya za ki gane, saboda kin zauna a wurin. Wannan makarantar yamma ce ta ba ki, ba abin turawa ƙarƙashin katifa ba ne.

Ba zan ce ki yi abin da ni ban yi ba. Yau bayan sujada, kin riga kin tafi gida taya Mamanki aiki, na tare Dattijo Markus a daidai ƙofar nan, a gaban mutane. Na ce masa ƙarya na yi masa shekarun baya, Rahila ko zare ba ta iya sa wa allura ba, makarantar yamma ta Nasarawa ta yi, daga can ta ci jarrabawa, gobe za ta tafi kwalejin horar da malamai. Ya ja ni gefe ya tambaya ƙarfe nawa ake farawa, wai akwai jikansa da ya shekara a gida. Na kuma je wurin Malama Hauwa na roƙi ta ba ni aji ranar Alhamis. Ta yarda bisa sharaɗi biyu, ba bulala, ba Kakau. Sabo ya ce shi zai riƙa kai ni a kekensa har bakin ƙofa.

Na ɗaga katifarki na ɗauko hoton, ga shi a cikin wasiƙar nan. Ki yafe mini shiga ɗakinki, ki haɗa da sauran abubuwan da na lissafa, waɗanda suka fi wannan girma. Na zalunce ki, Rahila, kuma ina alfahari da ke. Duka biyun na daɗe ina riƙe da su.

Ina rubutun nan ƙamshin suyar kazar guzurinki yana shigowa ta taga. In kin buɗe robar naman za ki ga wani ɗan ƙulli daban a leda, na ɗaure shi da kaina. Ɗazu Mamanki ta kawo mini ƙundun a faranti kamar kullum, da wuƙa a gefe. Na ce ta mai da wuƙarta, wannan ba za a yanka shi ba. Ba na jarrabawa ba ne, ba na kwaleji ba ne. Naki ne tun kina ta arba'in cikin arba'in, ni ne na hana ki. Ki raba naman da abokan ɗakinki, amma wannan ki zauna ki ci ke kaɗai, kuma ki ɗaga kanki in kina ci.

Ubangiji ya sa miki albarka, ya kiyaye ki a ɗaki da aji da hanya, ya haɗa ki da malamai masu haƙuri irin Malama Hauwa, ya sa ke ma ki zama haka ga 'ya'yan wasu. Mamanki da Bitrus suna gaishe ki. In kin gama karantawa, ko kwana nawa ya ɗauke ki, ki kira ni. Wayata tana aljihu, kuma wannan karon zan yi magana.

Ni ne mahaifinki,
Ishaya